Yadda Na Kwanta Kusa da Zakaran Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Mafaza gaishe da mahaifin Safiya, yarinyar da nake nema da aure, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. A lokacin ina gabatar da wani ɗan shiri na mako-mako a rediyo a Gadarif, a ƙasar Sudan, inda nake gaya wa jama'a abubuwan da ba su tambaye ni ba: cewa ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa yawansu ɗaya da na mutum, cewa zuma kan daɗe ƙwarai ba ta lalace ba, cewa walƙiya ta fi fuskar rana zafi. Matsalata ita ce, ko an tashi daga shirin bakina ba ya tashi.

Kawuna Adamu ne ya raka ni. Tun daga tasha yake yi mini gargaɗi. Ya ce Alhaji Usman bai ba da amsa ba tukuna, so yake ya gan ni da idonsa sannan ya yanke ko zai ba ni 'yarsa. Ya ce mutumin ya tsani abu biyu, surutu da bokanci. Larabawan garin sun ɗauka duk Bahaushe mai furfura faki ne, wato malamin tsibbu mai bugun ƙasa, shi kuwa Alhaji ya ƙarar da rayuwarsa yana korar masu zuwa ƙofarsa neman laya. Aikina kawai in gaisa, in sha kofi, in dubi ƙasa.

Muka tarar da shi a rumfa, zaune a kan gadon igiya, tare da maƙwabcinsa Haj Tayyib, wani Balarabe ɗan kasuwar riɗi. A gindin rumfar an ɗaure wani jan zakara da za a yanka saboda mu. Na gaisa, na sha kofi, na dubi ƙasa. Komai ya tafi daidai har sai da Haj Tayyib ya kawo labarin wani faki a Fau wanda, in ji shi, yake kwantar da zakara ba tare da wuƙa ba, ya bar shi kamar gawa. Alhaji ya ce ƙarya ce, in kuma gaskiya ce to shirka ce.

Nan na ga ƙofa ta buɗe. Zan goyi bayan surukina, kuma da hujjar kimiyya. Kawu ya taka mini ƙafa, amma ya makara. Na gyara murya irin ta aiki, na bayyana musu cewa ba ƙarya ba ce, ba kuma shirka ba ce. In ka danne kaza, ka kwantar da bakinta a ƙasa, ka ja miƙaƙƙen layi daga bakin zuwa gaba, sai ta sandare. Tsoro ne kawai. Dabbobi da yawa kan yi kamar sun mutu don mai farautarsu ya ƙyale su, kuma masana sun rubuta wannan tun ɗaruruwan shekaru. (Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ma a rubuce na gani. Ban taɓa riƙe zakara mai rai ba.)

Haj Tayyib ya ce to ga zakara, ga ƙasa.

Na durƙusa, na kama, na danne, na ja layi da yatsa. Abin takaici, ya yi aiki. Zakaran ya miƙe ƙafafu, idonsa ɗaya a buɗe yana kallon layin, ko numfashin kirki ba ya yi. Na ɗago kai ina jiran yabo. Sai na ga Haj Tayyib ya sauko daga kan gado ya zauna a ƙasa don girmamawa, yana cewa, "Ma sha Allah, ya faki, ashe kai ne kake ɓoye mana." Sai a lokacin na tuna da yadda mutum mai jan layi a ƙasa da yatsa yake kama a idon mutanen ƙasarmu.

Na tafa hannu don zakaran ya farka. Littafin ya ce da an tafa yake tashi. Wannan bai karanta littafin ba. Na sake tafawa, na hura masa iska, na kira shi (ban san sunansa ba, don haka na ce "malam"). Kafin an jima kawunan mutane sun jeru a kan danga. Wata tsohuwa ta tambaya daga can ko ina duba jakin da ya ɓata.

Alhaji ya dube ni a tsanake. Da muka iso "ɗana" ya kira ni. Yanzu cewa ya yi, "Ustaz, a gidana ka zo buga ƙasa?"

Na ga Safiya tana suɓuce mini, kuma a irin wannan hali ƙwaƙwalwata ba ta san komai ba sai gwaji. Na ce in da layin yana da wani asiri, ai zai kama mutum ma. Bari in kwanta, Alhaji da kansa ya ja layin, kowa ya ga na tashi garau. Ban jira amsa ba. Na kwanta rub da ciki kusa da zakaran, da farar jallabiyata ta neman aure, haɓata a kan baƙar ƙasar Mafaza. Alhaji, wanda ya ƙosa ya rufe bakin maƙwabcinsa, ya ɗauko sandarsa ya ce, "To, kada ka motsa." Ya ja layi tun daga hancina har bakin rumfa.

Shirina shi ne in yi zumbur in miƙe. Amma a nan tarbiyya ta shiga tsakani. Dattijo ne ya ce kada in motsa, dattijon da nake neman 'yarsa, kuma bai ce in tashi ba. Wane ɗa ne zai karya umarnin farko da surukinsa ya ba shi, a gaban jama'a? Sai na ci gaba da kwanciya ina jiran izini. Shi kuma ya tsaya jiran in tashi. Muka yi ta jiran juna, ni da shi, zakara na gefe yana taya mu.

Haj Tayyib ne ya fara magana. Ya ce shekara da shekaru yana maƙwabtaka da babban faki bai sani ba, ƙaramin ya kwantar da zakara, babban ya kwantar da ƙaramin.

Daidai nan mahaifiyar Safiya ta fito da wuƙa da tasa, ta zo a yanka mata zakaranta. Ta dubi mijinta da sanda, ta dubi layukan, ta dubi mu biyun da ke kwance. Cikin natsuwa ta tambaya wanne daga ciki za a yanka. Ko ƙarar tasar ce ta tashe shi, ban sani ba, sai zakaran ya girgije, ya hau gadon bayana, ya gyara tsayuwa, ya yi cara. Daga bayan danga na ji wata dariya wadda na san mai ita sarai.

Kawu ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Tashi, don girman Allah, kafin ya yi ta biyu."

Ba wanda ya yarda ya ci zakaran. Kisra muka ci, wato siririyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa. Kafin mota ta kai mu Gadarif, ni kam na riga na yi wa auren ta'aziyya.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo. Alhaji ya amince. Ya ce yaron da zakara zai hau bai motsa ba don kawai an ce kada ya motsa, hankali dai babu, amma akwai ladabi, kuma Safiya tana da hankalin da zai ishe su su biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne: in sanar a rediyo cewa shi ba faki ba ne, domin har daga Showak ake kawo masa awaki marasa lafiya. Na sanar, da kyakkyawar Hausa, na maimaita da Larabci. Waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba suka ji a ranar, layin ƙofar gidansa ya ƙara tsawo.

Har yanzu ina son kimiyya, kuma har yanzu na yarda gwaji ne ke raba gardama. Sai dai na koyi cewa kafin mutum ya kwanta a ƙasa don kare gaskiya, ya kamata a fara yin yarjejeniya a kan wanda zai ce masa ya tashi.