Ranar da manya suka zo taya mu murnar zaman gida

Jama'a, ku yi mini haƙuri in rubutun yau ya karkace, hannuna ne ya sage. Tun hantsi nake tsaye bakin hanya a ƙauyenmu, can wajen Dumega, riƙe da sandar wani ƙyalle mai rubutun Faransanci, har bayan azahar. Na tambayi maigari abin da aka rubuta, ya ce shi ma bai sani ba, in dai riƙe da kyau. Takunkumin da ke bakina na aro ne, mai shi kuwa, Allah ya shirye shi, ɗan taba gari ne.

Wai manya ne za su zo daga birni su taya mu murna. Murnar me? Bana samarinmu sun zauna gida! Shekara da shekaru ana tara mu ana cewa tafiya cin rani ce ta hana ƙauye ci gaba, ba wanda ya ji. Sai ga korona ta rufe iyaka, ta rufe kasuwanni, ta koro yaranmu, manya suka duba suka ce wayar da kan da suka yi ce ta kama. Madalla! Ni ban taɓa ganin cutar da ta yi wa ma'aikaci aikinsa tsaf haka ba.

Abin da ba a koya wa manyan a lakwal, wato makarantar boko, ba shi ne, ɗan cin rani ko bai aiko da komai ba ya taimaki gida, don ya ɗauke bakinsa daga rumbu. Ku dubi maƙwabcina Luƙman. Kowace shekara ana gama girbi sai ya kama hanyar Legas ya tura ruwa a kura, matarsa A'i ta lallaɓa hatsin ita da yara har damina. Bana rani bai raba ba ya dawo hannu rabbana, shi da ƙannensa, ƙarti masu lafiya da cin tsiya. Ƙodago babu, don masu lambu ma albasarsu ruɓewa take. Rumbu ya yi ta sauka har aka ga ƙasansa. Abin da ya rage dami ɗaya ne, na iri, manyan zangarnun da A'i ta tsince da hannunta ranar girbi ta ɗaure daban. Yara sun yi kuka, an ci tafasa da ƙuli, an ci zogale gaya, ba ta taɓa shi ba.

Jiya da la'asar maigari ya yi sallama ƙofar gidansu.

"A'i, gobe muna da baƙi. Duk garin ga ba gidan da hatsi ya rage sai naku, kuma ba hannun da ya kai naki damun hura."

"Ranka shi daɗe, iri ne fa."

"Na sani, ɗiyata. Amma mutanen ga da taimako za su zo. Ki ba da dami, ki amshi buhu."

Luƙman ya leƙo ta kan darni ya ce, "Baba, mi ka gani?"

Na ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin motar manya ta bar gari da nauyin da bai kai wanda ta zo da shi ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce to yaya za a yi, baƙo ya shigo gari a ba shi ruwan rijiya tsura? Da safe A'i ta sussuke damin ta daka, tana daka tana share ido da bakin zane. Wallahi raina ya ɓaci, har na bar jin zafin sandar.

Bayan azahar sai ga manyan motoci kat-kat jere. Mai Girma Sarkin Yaƙi da Cin Rani ya sauko, bayansa mai riƙe masa jaka, bayan wannan mai riƙe wa mai jaka waya. Ya ce mun zama abin koyi. Ya ce arziki yana nan ƙarƙashin ƙafarmu. Na duba ƙarƙashin tawa, ƙaya ce. Ya kira Luƙman gaba, a matsayin saurayin da ya gane gaskiya ya dawo gida da kansa, aka tafa, aka ɗauki hoto. Sannan aka buɗe bayan mota. Kowa ya miƙa wuya, A'i har da ɗage ƙafa. Riguna ne, masu hoton zangarniya a ƙirji.

Aka kawo hura a sabuwar ƙwarya, da nonon safe da Yero makiyayi ya bayar. Takunkuman manya duk suka koma haɓa. Mai Girma ya kai ludayi ɗaya, ya lumshe ido, ya ƙara. Da ƙarfi ya dawo masa sai nasiha ta motsa.

"Abu ɗaya nake roƙonku," in ji shi, ludayi a hannu. "Komai wuya, kada ku taɓa iri. Wanda ya ci iri ya ci shekararsa. Wata mai zuwa ma za mu yi babban taro a otal kan wannan magana."

Ba wanda ya ɗaga kai. Maigari ya shiga gyaran rawanin da ba abin da ya same shi.

Mai Girma ya suɗe ludayi ya ce, "Kai! Na zaga ƙasar nan ban sha hura irin wannan ba. Wace ce ta dama? Wane hatsi ne haka?"

A'i ta durƙusa.

"Wanda za mu shibka ne, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Ƙwarai! Shi za ku riƙa shibkawa, kada ku sake shi."

Suka tafi ana ɗaga musu hannu. Yanzu da nake rubutun nan hadari na haɗuwa gabas, maƙwabta na gyaran sungumi, Luƙman na zaune ƙofar gida cikin sabuwar riga yana kallon sama. Irinsa dai ya kama hanyar birni a cikin manya, cikin sanyin mota. Allah ya sa inda za su sauke shi ƙasa ce mai albarka.