Wanda Ke Buɗewa da Wuri

Tun da Kaka take, gardama ɗaya ta taɓa faɗuwa, ita ma a hannun jikanta direba. Bayan rasuwar mijinta, a-kori-kurar da ya bari ta daɗe a gindin katanga, tayoyi a sace, kaji suna ƙwai a kujerar gaba. Jikan ya ce zai tashe ta. Kaka ta ce in wannan gawar ta yi tari, a ɗora ta a baya a zaga unguwa da ita kamar buhun gawayi. Gawa kuwa ta yi tari. Aka zaga da Kaka, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a ɗankwali, tana tsine wa duk ramin da ke kan titi.

Yanzu da motar jikan ke neman abinci, yana dakon bulo da siminti. Sai dai ta koyi tafasa a kan hawa, kuma ubansa, wato ɗan Kaka, ya rantse in ta sake tafasa sau ɗaya, masu sayen tsohon ƙarfe zai kira su yanka ta.

Da hantsi Kaka na zaune a tabarma tana ɗinke bakin matashin kai, sai ga jikan ya durƙusa ya gaishe ta.

"…lafiya lau, ba gajiya. Kai ne da gajiya, miji ya fita tun safe ya dawo wa matarsa da hannu kamar gindin tukunya."

"Ba haka na dawo ba, amarya. Ga 'yan kunne, zaɓi ɗaya."

Ya ajiye wasu ƙarafa biyu a gabanta, kowanne kamar murfin kwalba da waya a nannaɗe a jikinsa.

"Ɗaya? An ce maka kunnena ɗaya ne? Allah wadan auren matsiyaci."

"Ɗayan mai shago zan mayar wa. Tamostat sunansa. Mai gadin ƙofa ne a cikin inji. Shi ke tsare ruwa, sai inji ya yi zafi ya buɗe masa hanya ya je lagireto ya sha iska. Wannan irin na jikin motar ne, sai zafi ya yi zafi yake buɗewa. Wannan kuwa da wuri yake buɗewa, inji ya zauna da ɗan sanyi."

"Shi bakaniken naka me ya ce?"

"Cewa ya yi a cire a jefar gaba ɗaya, wai haka kowa ke yi."

"To ya fara cire ƙyauren gidansa ya jefar mu gani."

"Ai na ƙi. In babu shi, inji ba ya ɗumama da safe, sai ya yi ta zuƙar mai kamar ke da shayi."

"Shayin ubanka nake sha, ba naka ba. To me ya hana ka sa mai buɗewa da wurin?"

Sai ya shiga murza ƙarfen a tafin hannu.

"Waɗanda suka ƙera motar sun fi ni sani. Kuma marigayi bai taɓa canza mata ko kusa ɗaya ba. Ina jin nauyin in zama ni ne na fara."

Kaka ta soke allurar a jikin matashin. Ashe nan gizo ke saƙa. Ta dubi yaron, ta ga yadda ya haɗe leɓe, sak mutumin da ta zauna da shi har ya tafi. Shi ma haka yake murza abu a hannu in magana ta tsaya masa a wuya. Ta ɗauki na farkon ta auna nauyinsa.

"Kakanka irin wannan ne. A ɓata masa rai, ya haɗiye. A ci amanarsa, ya haɗiye. Ina ce masa malam, buɗe, ya ce da sauran lokaci. Ranar da ya tashi buɗewa, sai asibiti."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Su kuma masu ƙerawar, tana budurwa suka ƙera ta. Ni ma da ina budurwa, tun safe nake cikin rana har la'asar, ko gumi ba na yi."

"A zamanin da rana take ƙarama kenan, kafin ta girma."

"Zamanin da maza suke maza dai, ba irinku da lema ke bi ba. Yanzu ka sa ni a rana ka gani. Tsoho ba ya jimirin zafi, maigida, mutum ne ko ƙarfe. Amma faɗa mini tsakani da Allah, wannan ɗan abin shi kaɗai zai hana ta tafasa?"

"A'a. Sarari kawai zai ba ta kafin a kai hawan. Lagireton ma na sa an wanke jiya."

"Lodin fa?"

Ya sosa ƙeya.

"Na gan ka shekaranjiya ta taga. Ka jibga mata bulo kamar jakin aro, gindinta har yana sharar ƙasa."

"Kaka, a rage lodi, an rage abinci."

"A yanka ta kuma, ba lodin ba abincin. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka yi sawu biyu mana, sannu ba ta hana zuwa. Ko so kake in ga an ɗauke ta a amalanke, ƙofa daban, kujera daban? Na raka mai ita, ba zan raka ta ba."

Sai ta yi maza ta koma neman allurarta. Jikan ya yi kamar bai ji ba. Ya jefa mai buɗewa da wurin a aljihun riga, ya yi dariya.

"Shi kenan, kin ci. Sawu biyu. Amma wannan da ya rage na fasa mayarwa. A bakinki zan ɗaura shi, ko unguwa ta huta. Sai zafi ya kai zafi ki buɗe."

Kaka ta tsinke zaren da haƙori, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ka makara, angon banza. Duk sa'o'ina da aka ɗaura wa irinsa suna ƙarƙashin ƙasa. Ni da nake buɗewa tun ba a kunna ni ba, ga ni nan ina zura allura ba tabarau."