Haƙarƙari a Jakar Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fita cin abinci ni kaɗai ba. Ko na so in manta ma ba zai yiwu ba, don akwai mutane a Dubai da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Bayan na gama jami'a a Kano aka turo ni wurin ƙanwar mahaifiyata, Anti Balaraba, in riƙa taya ta harkar kago, wato aika kaya gida. Tana zaune a unguwar Abu Hail, a wani ƙaramin gidan bene da kullum yake cike da baƙi, mata 'yan kasuwa, kowace da kwalayenta har bakin banɗaki. Abinci a babban tire ake zubawa, a kewaye shi, hannu na shiga hannu na fita, ana cinikin atamfa da baki cike. Ni kuwa tun ina ƙarama nake da wani buri mara amfani: in zauna a tebur kusa da taga, ni kaɗai, in ci abinci a hankali ina kallon ruwa, ba mai cewa in miƙo yaji.

Na daɗe ina roƙon Anti kafin ta amince.

"Sau ɗaya," ta ce. "In kika je kika dawo ba labari, duk Asabar ki fita abinki. In kuwa na ji ko tari kika yi mutane suka waiwayo, khalas, an gama."

Baƙin nata suka ƙara da nasu. Wata ta ce kada in karɓi komai daga hannun wanda ban sani ba. Wata ta ba da labarin 'yar maƙwabciyar ƙawarta da aka zuba wa abu a lemo, ta farka ba waya ba fasfo. (Na lura a irin wannan labari kullum 'yar maƙwabciyar ƙawa ce, ba a taɓa samun wadda ta ga abin da idonta ba. Amma lura daban, tsoro daban.) Na fita da gargaɗi fal kaina, ya fi jakata nauyi.

Wurin da na zaɓa gidan abinci ne a cikin otal ɗin wani babban filin wasanni da ke bayan gari, irin wanda ake hawa jirgin lilo ya kai mutum sama ya juye da shi. An ƙawata shi kamar daji: bishiyoyin roba, giwa ta inji mai kaɗa kunne, da tsawar ƙarya da ake saki jefi-jefi yara su yi ihu. A hoto na ga yana da taga mai kallon tafki, shi ya ja ni. Abin da hoton bai nuna ba shi ne wurin na iyalai ne. Kowane tebur uba da uwa da yara masu hular kunnen dabbobi.

Ma'aikaciyar da ta tarbe ni baƙa ce doguwa, an rubuta Fuseina a ƙirjin rigarta. Ta tambaye ni da Turanci mu nawa ne. Na ce ni kaɗai. Ta leƙa bayana, ta sake kallona, sannan ta kai ni teburin taga ta kwashe cokulan kujerar da ke fuskantata. Ƙarar cokulan nan a kunnena kamar shela.

Na yi odar miya 'yar kaɗan da ruwan sha. Ina da kuɗi, Anti ta ba ni har da ƙari, amma a mafarkina mace mai zama ita kaɗai ba ta cika tebur da abinci. La'asar ta yi sanyi, hasken rana ya kwanta a kan tafkin kamar an shimfiɗa mayafi, har baitin waƙa ya fara haɗuwa a kaina. Ina cikin neman kalmar da za ta rufe shi sai Fuseina ta dire faranti a gabana. Haƙarƙarin rago ne gasasshe, yana tururi.

Na ce ban yi odar wannan ba. Ta yi murmushi ta ce kyauta ce daga wani mai fatan alheri. Na tambaye ta wane ne. Ta ce an hana ta faɗa, ta juya ta tafi.

Baitin ya gudu, har yau bai dawo ba.

Na fara bin mutanen wurin da ido ta ƙarƙashin gira. Iyali, iyali, wasu Larabawa da jariri, wani dogon tebur can gefe da 'yan Afirka suka cika, wata dattijuwa mai lulluɓi a tsakiyarsu tana raba wa yara nama. Waɗannan ban ko tsaya a kansu ba. Sai idona ya faɗa kan wani mutum a kusurwa, shi ma shi kaɗai, da baƙin tabarau a cikin ɗaki, yana latsa waya. Wane mutumin kirki ne zai zo irin wannan wuri shi kaɗai? (Ban ga abin dariya a tambayar nan ba sai daga baya.)

Kafin in gama yanke masa hukunci shinkafa ta iso, da lemon mangwaro a dogon kofi. Lemo. Daidai yadda aka faɗa mini a gida. Na dubi Fuseina da kyau, na ga murmushinta ya yi yawa, na ce to, da ita aka haɗa baki.

Mai hankali zai ce ya ƙoshi, ya biya kuɗin miyarsa ya kama hanya. Ni kuwa na yi karatu, don haka na zauna na yi tunani mai zurfi. In na ƙi ci, zai gane na gano shi, ya biyo ni tashar bas inda ba kowa. In na kira manaja, za a yi hayaniya, labari ya kai wa Anti, Asabar ɗina ta tafi. Saura hanya ɗaya: in nuna kamar na ci, ya saki jiki, in ga iya gudun ruwansa.

Na riƙa kai cokali baki ba komai a ciki, ina tauna iska. Da hannun hagu kuma ina zare haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, in naɗe a takardar goge hannu, in zura a jakata da ke kan cinya. Shinkafar na juye ta a ledar da nake saka silifas ɗin alwala. Lemon na tuttular a tukunyar bishiyar da ke gefena, na manta bishiyar roba ce, ba ƙasa a ciki, sai ga shi yana bin tayil a hankali ya nufi teburin Larabawa. Na ɗora ƙafa a kai. Da aka kawo yankan kek mai cakulan, shi ma ya bi 'yan uwansa.

Fuseina ta zo kwashe faranti ta ga ko ƙashi babu. Ta ɗan tsaya tana kallon farantin, ta kalle ni, ta ɗauke shi ta wuce.

Mai tabarau bai motsa ba. Na ce a raina jira yake maganin ya kama ni. Nan ne dabarar da ta fi kowace ta zo mini: in yi kamar ya kama ni ɗin. Da zarar ya taso ya dafa ni, in buɗe ido a gaban shaidu, in ce masa cikin sanyin murya na san komai, ya fice da kunya, ba wanda ya ji. Na yi hamma. Na lumshe ido. Na sulale a hankali na kwantar da kaina a kan tebur, na bar hannu ɗaya yana lilo, yadda na ga ana yi.

Na ji an ture kujera da ƙarfi, na ji takun gudu. Amma ba takun namiji ba ne, kuma da ƙarar awarwaro.

"Innalillahi, ta hwaɗi. Fuseina, yarinyar ga ta hwaɗi."

Hausa ce, ta Maraɗi. Wasu hannuwa masu ƙamshin turaren wuta suka ɗago kaina suka jingina da ƙirji mai laushi, aka shafa mini ruwan sanyi a fuska.

"Hajiya, duka ya cinye," in ji wata murya da Hausar Zangon Gana mai ce wa mace "shi", kuma muryar Fuseina ce, wadda tun shigowata nake fasa mata Turanci. "Har ƙashi bai bari ba."

"Ai shi ne. Cikin da ya daɗe ba komai, in abinci ya shiga da yawa haka yake yi. Laifina ne. Tun da ta shigo nake kallonta, ɗiya kamar wannan ita ɗaya, ta sayi ruwan miya tana kallon taga kamar marainiya. Na ce a kai mata, kar a ce ni ce, kar ta ji kunya."

A nan ya kamata in buɗe ido. Na sani. Amma ku gaya mini da wace fuska. Na ƙara matse su, ina addu'ar ƙasa ta tsage, sai tsawar ƙaryar nan ta tashi, giwa ta kaɗa kunne, ƙasa kuwa ta ƙi.

Mutane suka taru. Wani ma'aikacin agajin gaggawa ya iso, ya kama hannuna yana duba bugun jini, ya tambaya ko ina da wata cuta, ko akwai magani a jakata. Na ji an ɗauke jakar daga cinyata. Na ji ƙarar zif.

Ƙamshin gasasshen rago ya cika wurin.

Na buɗe ido kaɗan, ta tsakanin gashin ido. Dattijuwar nan ta dogon tebur ce, tana fito da kayan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa: haƙarƙari a takarda, wani haƙarƙarin, shinkafa a ledar silifas, kek da ya narke ya rungume wayata. Jikokinta sun kewaye mu da hulunan kunnen zomo. Can kusurwa kuwa mai tabarau ya miƙe yana ɗaga wa wasu yara biyu hannu, sun dawo daga lilo da mahaifiyarsu. Ko kallon inda nake bai yi ba.

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Ba ta ma ci ba. Ɓoyewa ta yi ta kai gida. Wa ya san su nawa ne can ba su ci ba."

Wayata ta zaɓi wannan lokacin ta yi ƙara. Hajiya ta ciro ta daga cikin kek, ta goge da gefen lulluɓinta, ta amsa.

"Wa ke magana? Balaraba? Wace Balaraba, ta kago, ta Abu Hail? Zainabu ce, ta Maraɗi, da muke haɗuwa ofis a Al Khabaisi. Ke ce ke riƙon yarinyar ga? To, ga ta nan yunwa ta kada ta cikin mutane. Haba Balaraba. Kwantena nawa kike lodawa a wata?"

Na buɗe ido gaba ɗaya. Abin da ya fito daga bakina, don kunya ba ta ƙare ba, shi ne: "Ina ne nan?"

Na yi ƙoƙarin gyara zance, Allah ya sani. Bayan mai agaji ya tabbatar lafiyata ƙalau, aka ɗauke ni cak zuwa dogon tebur, aka sa ni tsakanin Hajiya da surukarta, na faɗa musu gaskiya tun daga lemo har mai tabarau. Hajiya ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta dubi surukarta.

"Kin ga ɗiyar kirki? Ta gwammace a ce mata mahaukaciya da ta tona asirin gidansu." Ta tura mini faranti. "Ci, ɗiyata, ma fille. Ina kallonki."

Na ci. Fuseina ta tsaya a kaina har na gama, ta duba ƙarƙashin tebur, sannan ta kwashe farantin.

Su Hajiya ne suka mayar da ni gida a motarsu. Anti na tsaye a bakin ƙofa, baƙinta a bayanta kamar masu jiran amarya. Ta yi wa Hajiya godiya da murmushin da na san abin da ke ƙarƙashinsa. Da suka tafi na sake ba da labarin, wannan karon aka yarda da ni, har matar da ta kawo zancen lemo ta kwanta a kan kwalayenta tana riƙe ciki. Anti ba ta yi dariya ba.

"Tari na ce kar ki yi," ta ce. "Kika suma."

"Anti, ku ne fa kuka ce kar in karɓi komai."

"Mun ce ki zuba a jaka?"

Maganar fita ni kaɗai ta mutu a nan. Zancen ya zaga 'yan kago kafin wayewar gari, kuma ba nawa ne ya zaga ba, na Hajiya ne. Har yanzu duk Juma'a direbanta na kawo kula cike da dambu, ya ce a ba yarinya a hannunta. Anti kuwa ba ta zuba mini abinci sai a gaban baƙi, ta tula, ta ce su shaida. Na yi ƙiba. Asabar ana barina in fita, amma da sharaɗin Hajiya Zainabu ce za ta zo ta ɗauke ni, ita da jikokinta duka, kuma a kusa da ita nake zama.

Abin da na koya bai da yawa. Zargi ma aiki ne, yana son wanda ya iya, ni kuwa na zauna ina gadin mutumin da bai san ina duniya ba, alheri ya zagayo ta baya ya kama ni dumu-dumu. In aka kawo muku abincin da ba ku san mai shi ba, ku ce kun ƙoshi, kalma biyu ce. Kada ku yi dabara. In kuma dole sai kun suma, ku fara zazzage jakarku.