Adakar Inna a Wadi Akik

Yanzu sunayen jikokina ma sai na yi lalube, amma ba zan taɓa mantawa da ranar kai ƙanwata Hauwa ɗakin miji ba. Angon yana aikin gonar dabino bayan garin Bi'ir Ali, nan ƙasa mai tsarki. Lokacin babu kwalta, sai turɓaya, ga kwarin Akik a tsakani. Ni ne direba na farko a zuriyarmu (watana uku da fara tuƙi, amma yadda nake kaɗa makulli sai ka ce ni na ƙera motar).

Mata sun wuce da amarya tun safe. Aka bar ni da kaya da Baffa Sale, wan mahaifinmu, wanda ya tsufa yana jan raƙuma. Cikin kayan akwai adakar da Inna ta ɗauko a ka tun daga Kano da suka taho aikin hajji, cike da zannuwan saƙi na mahaifiyarta. Ba ta taɓa ɗaura ko ɗaya ba, Hauwa take ajiye wa.

Muka iso bakin kwarin, ƙasa a bushe, rana na duka. Baffa ya dubi duwatsun kudu.

"Ya waladi, ɗana, tsaya. Ambaliya na tafe."

"Baffa, ko ɗigo bai sauka ba."

"A can ya sauka. Nan zai biyo."

"Wannan fa mota ce, ba raƙumi ba."

Baffa ya sauka, ya zauna kan dutse.

A tsakiyar kwarin taya ta nutse cikin yashi. Ina ta ba ta wuta sai na ji rugugi. Jan ruwa ne, da kututture a gaba. Na fice ta taga, jallabiyata ta maƙale, na bar ta can. Da rawaninsa Baffa ya jawo ni. Motar ta juya sau biyu, ta tafi.

Sai la'asar ruwa ya janye muka tsallaka a ƙafa. Haka na shiga gidan biki, daga ni sai wando, laka har kunne. Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Inna ta dube ni, ta leƙa bayana.

"Ina adakar?"

"Ga ɗanki dai, ki riƙe," in ji Baffa.

Ta shafa kaina, ta ce alhamdulillahi. Har ta rasu ba ta ƙara ambatar adakar ba, kuma da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sai dai duk bayan ruwan sama takan ce za ta gano Hauwa, a gan ta bakin kwari tana duba gindin ƙayoyi.

Na ƙara shekara arba'in ina tuƙi. Abin da na koya bai da yawa: in tsoho ya sauka daga motarka ba tare da musu ba, kai ma sauka.