Rasuwar Kaka, Kwamfutar da Gwaji Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda yaran gida ke kira Kaka. Tafi-da-gidanka ce a suna, amma tun da batirinta ya riga ta gidan gaskiya ba ta sake zuwa ko'ina ba. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin cin abinci, inda ta yi shekaru a zaune, domin nan kaɗai wayar cajinta ke kaiwa soket.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma ta koya wa kowa haƙuri. Kana iya kunna ta ka shiga wanka, ka fito ka tarar tana nan tana nazari. Za mu daɗe muna tuna muryarta, wannan "fuuuu" da fankarta ke yi duk lokacin da aka roƙe ta ta yi abu biyu lokaci guda. A kanta na rubuta takardar neman aikin da nake ci da iyali yau, kuma na ji zafin rashinta ƙwarai.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga mai ɗakina, wadda ta gaji da cin abinci da faranti a cinya. Ta tono wani tsohon faifan wasan kasada a cikin kwali, labarin matuƙin jirgin ruwa mai neman ƙanwarsa tsibiri-tsibiri, wasan da ya girmi babbar 'yarmu. Ta yanke hukunci cewa in Kaka ta iya ɗaukar wannan tsohon, teburin na Kaka ne har abada. In ta kasa, ta tattara komatsanta.

Ni da na san jikin majinyaciyata ban yarda a saka mata faifan kai tsaye ba. Sai ƙanin mai ɗakina, masanin komai tun daga gyaran agogo har ciwon ƙoda, ya kawo wani shafin intanet da ke duba cikin kwamfuta ya faɗi ko za ta iya ɗaukar wasa. Ya tabbatar mini dubawa ce kawai, ba ta da zafi. Shi ne kuma ya ga bai dace dattijuwa ta zauna jarrabawa a kan kwalin ƙwai ba, kwalin da ke ɗaga ta tana shan iska ta ƙasa. Ya zare shi, ya ɗora ta a kan lallausan matashi don girmamawa.

Shafin ya tambayi ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ta amsa. Ya tambayi girman ma'ajiyarta, ta amsa da ƙyar. Da ya zo kan katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hotuna a allo, sai ta yi "fuuuu" mai tsawo, ta yi "ƙit, ƙit", warin ƙonanniyar roba ya cika falo, allon ya yi baƙi. Ita da wasan ko gaisawa ba su yi ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaure da robar gashi, da mawus mai danna ɓangare ɗaya, da faifan wasa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta kuma bar suruki guda, wanda tun ranar wayarsa ba ta shiga.

Gobe da safe za a raka ta shagon mai gyara, wanda ya duba ta ya ce zai iya amfani da kusoshinta. Za a taru a falo, wajen teburin da mai ɗakina ta riga ta shimfiɗa wa sabon mayafi tun gawa ba ta huce ba. Kafin a ɗauke ta zan karanta saƙon da shafin ya turo wayata bayan ta cika, wanda ke cewa kwamfutar ta ci gwajin, za ta ɗauki wasan ba tare da wata matsala ba. An tanadar wa mai ɗakina kujera a sahun gaba.