Goribar Lawali da Sababbin Haƙorana

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Balki ba, kuma ko na so mantawa mutanen Magarya ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun kafin in ajiye aikin koyarwa haƙorana suka fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Ciwon suga ya ɗebi rabonsa, shayi da goro suka raba sauran. Mutumin da yara ke nutsuwa da zarar ya shigo lakwal, wato makarantar boko, sai ga shi ya koma "Mushe Wawulo". (Mushe dai haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.) Wanda ya raɗa mini sunan kuwa Lawali ne, ɗan gwaggona da ke Mallawa, wato taubashina. Duk ranar da ya shigo gari sai ya kawo mini tsarabar goriba guda ɗaya, ya miƙo da hannu biyu a gaban jama'a, wai in ɗan motsa baki. Goriba fa, wadda mai cikakken haƙori ma sai ya yi da gaske kafin ya gwaguye ta. Kuma ba dama ka yi fushi, sai a ce wasan taubasai ne. (Wanda ya ƙago wannan al'ada, na tabbata da haƙoransa aka binne shi.)

Da abin ya ishi babban ɗana, sai ya kai ni Kano wajen likitan haƙori. Likitan ya dasa mini ƙusoshin ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, sama da ƙasa, ya ɗaura jerin haƙora farare tas a kansu. Ya ce waɗannan na wucin gadi ne, sai ƙashi ya kama ƙusoshin nan da wasu watanni sannan a sa na dindindin. Kafin nan kunu, fura da tuwo mai laushi kawai. Ya yi ta maimaitawa har na ji haushi. Ni da na ƙare rayuwata ina cewa yara su saurara, ni za a yi wa bita?

Na dawo gida ina yi wa kowa murmushi, har wanda bai gaishe ni ba. Zancen wucin gadi kuwa, ban da maiɗakina ban faɗa wa kowa ba.

Ana haka auren Balki ya taso, ɗiyar ƙanena marigayi, kuma ni ne waliyyinta. Dangin ango mutanen Dungas ne, ba su taɓa ganina ba. Burina ɗaya: su san ni da Mushe, mai mutunci, uban amarya, kada sunan Wawulo ya bi yarinyar nan gidan miji. Na sha babbar riga, na zauna kusa da liman, tabarmi sun cika.

Sai ga Lawali ya sauko daga kabu-kabu. Ya ratso mutane, ya durƙusa gabana kamar mutumin kirki, ya zaro goriba daga aljihu.

"Mushe, an ce an yi maka sababbi a Kano. To na ci ne, ko na ado?"

Aka yi dariya, har da baƙin Dungas, waɗanda ba su ma san tushen zancen ba. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na tuna shekarun da na yi ina karɓar goribar nan ina yaƙe da dasashi. Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na karɓa, na ɗaga ta kowa ya gani, na yi bisimilla (ka ji fa, har da bisimilla), na kafa mata haƙora iya ƙarfina.

Na ji ƙas! Wallahi da farko murna na yi, na zaci goribar ce ta sallama. Da na janye hannu sai na ga haƙorana na gaba a kafe jikinta, farare tas, suna yi mini irin murmushin da na yi ta yi wa mutane.

Liman, don ya rufa mini asiri, sai ya ce a fara. Wakilin ango ya nemi auren Balki, na rufe baki da hannun riga na ce na ba su. Sai wani tsoho daga baya ya ce su ba su ji ba, kuma aure ba ya ɗauruwa sai shaidu sun ji. Liman ya dube ni da tausayi ya ce, "Mushe, a daure a sauke hannun." Haka na sauke, na buɗe giɓi a gaban surukai, na bayar da ɗiyata da murya mai fito. Lawali kuwa ya tsince goribar daga inda na yar da ita, ya kakkaɓe ta, ya ce zai riƙe mini amana.

Da na koma Kano likitan bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Abokin aikinsa kawai ya kira ya zo ya gani. Ƙusa ɗaya ta girgiɗe, aka ƙara mini watannin kunu. Maiɗakina ta dama na farko, ta ajiye gabana ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Sunan Wawulo dai bai bi Balki Dungas ba, a nan burina ya cika. Ɗiyar Mai Goriba suke kiranta.

Yanzu an sa mini na dindindin, ina cin nama lafiya lau. Lawali bai fasa tsarabarsa ba, ni kuma ina karɓa da hannu biyu in miƙa cikin gida a daka a turmi. Na dai gane abu ɗaya: duk shekarun da na yi ba haƙori, goribar Lawali ba ta taɓa yi mini komai ba. Sai da na samu abin cizo ta ci mutuncina.