Na Goge Takardar Shaidata Bisa Koyarwarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Koyi-Da-Kanka ta Intanet, malamin da bai taɓa ganin fuskar ɗalibinsa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi mai ladabi, ni ne mai kula da sito a kamfaninmu. Shekara ashirin da shida makullai suna rataye a ƙuguna, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Manaja ya ce duk wanda bai kawo takardar shaidar kammala kwas ɗinku na sanin kwamfuta ran Juma'a ba, ya miƙa aikinsa ga wanda ya kawo. Yau Talata, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Kun ce kowa ya yi karatunsa a natse, ba mai korarsa. Madalla. To wane ne yake aiko min da saƙo sau uku a rana, wai an yi kewata? Maiɗakina ta gani a wayata. Kwana biyu ina bayani, har yanzu dangwarar min da kwanon abinci ake yi.

Na biyu. Kullum sai na tabbatar muku cewa ni mutum ne ba na'ura ba, ta hanyar zaɓo hotunan da ke da keke. Ni da jikoki huɗu? Sau biyu ina faɗuwa, saboda rabin taya. Shin rabin taya keke ne, ranka ya daɗe?

Na uku, kuma shi ne babba. A darasi na bakwai malamarku ta ja mana kunne: duk saƙon da ya zo yana taya ka murna, yana cewa latsa nan ka karɓa, aikin 'yan damfara ne. A goge shi, a toshe wanda ya aiko. Darasin nan ya shige ni sosai, na ci jarrabawarsa ɗari bisa ɗari. Ran da na gama kwas, sai ga saƙo ta imel: ana taya ni murna, in latsa nan in karɓa. Na ce kayya, kun makara, yanzu idona a buɗe yake! Na goge, na bi shi kwandon shara na sake gogewa, na toshe. Ban tsaya nan ba, na zagaya ofis na gargaɗi direba da masinja da mai gadi, su ma suka goge, har da yi min godiya.

Jiya sakatariya ta shaida min cewa takardunmu ke nan muka goge. Ita ta latsa, don barci ta yi a darasi na bakwai, ga tata can a bango cikin gilashi. Direba kuwa ya daina amsa gaisuwata.

Saboda haka nake tambaya cikin girmamawa: wa ya ci kwas ɗin nan, ni ko ita? In darasinku gaskiya ne, me ya sa kuka yi shigar ɓarayi kuka ƙwanƙwasa min ƙofa?

Ina roƙon alfarma a sake aiko mana da takardu huɗu kafin Juma'a. Sai dai kada a turo ta imel, don na toshe ku. Na nemi yadda ake buɗe wanda aka toshe, aka ce yana cikin kwas na biyu, shi kuma ba a shigarsa sai da takardar na ɗaya.

Naka mai biyayya, har ma ta yi yawa,

Mai Makullan Sito
(zuwa ran Juma'a dai)